Yadda Ake Raba Gardamar Dawo da Sihirin Masihirci a Teburin Wasa

Wata Asabar bayan la'asar, mu biyar muna zaune a zauren gidanmu da ke Tudun Wada a nan Gombe. Tabarma a shimfiɗe, taswirar da na zana a bayan kwali tana tsakiya, ga dayis ɗin lido guda takwas da muka tattaro daga gidaje uku. Ƙanena ne ke riƙe da masihirci a wasan Dungeons & Dragons da muke bugawa, kuma gwarzon nasa ya kai mataki na 5 na ƙwarewa. Da tawagarsu ta yi kiciɓis da 'yan fashi shida a bakin rafi, bai tsaya wata-wata ba, ya jefa Dunƙulen Wuta, da zagaye ya dawo kansa ya sake jefa wani. Faɗan da na kwana ina shiryawa ya ƙare tun ruwan shayi bai tafasa ba. Sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya, mu yada zango mu kwana a nan, manyan sihirina sun ƙare." A cikin labarin kuwa ko hantsi bai dubi ludayi ba.

Abokina tela, wanda ke riƙe da barde, ya ninke takardarsa a hankali ya ajiye. Ya ce mini, "Malam, to mu rakiya muka zo yi ke nan?"

Daga nan gardama ta kaure har aka kira magariba. Wannan na cewa a dawo wa masihirci da sihirinsa bayan kowane faɗa, wancan na cewa ko kwana uku ya yi kada a ba shi komai. Mun shafe makonni kafin mu gano bakin zaren, kuma hanyar da muka bi ita ce zan shimfiɗa a nan.

Ga wanda bai taɓa gani ba: wasa ne na ba da labari, mutum ɗaya yana jan ragama, sauran kowa da gwarzon da yake magana da yawunsa, dayis kuma shi ke yanke ko abin da aka yi niyya ya yiwu. Sihirin da ake faɗa lamba ce a takarda, babu surkulle, babu abin da ake karantawa. Matsayinsa ɗaya da tsuntsu mai magana ko dodon kogi a tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana. Na faɗi wannan ne don na san tambayar da za a fara yi a gida ke nan, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa.

Na ɗaya: a fitar da gardamar daga tsakiyar wasa

Idan magana ta taso ana cikin faɗa, mai jan wasa ya yanke hukunci na wannan zaman kaɗai, ya ce za a zauna a kai daga baya. Mutumin da gwarzonsa ke gaban dodo da sauran numfashi kaɗan ba zai iya yin adalci a kan dokar hutu ba, ko waye shi. Mu bayan isha'i muka koma, a teburin mai shayi, babu taswira babu dayis.

Na biyu: a buɗe littafin, a tabbatar wace doka ake musu a kai

Ruwa ba ya tsami banza. Rabin hayaniyarmu ta samo asali ne daga cewa kowa da bugun littafin dokokin wasan da ya gani a intanet. Dungeons & Dragons ya fito a 1974 a Amurka, aikin Gary Gygax da Dave Arneson, kuma tun daga nan dokar dawo da sihiri ta sauya fuska sau da yawa. Tushenta daga labaran Jack Vance ne, musamman The Dying Earth na 1950, inda masihirci ke cusa 'yan tsirarun sihirce-sihirce a kansa, da zarar ya furta ɗaya sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa, sai ya koma ga littafi ya sake haddacewa. Shi ya sa a bugun farko masihirci ɗan mataki na 1 sihiri ɗaya tak yake da shi a yini. Idan ya jefa, sai ya koma bayan tawaga da 'yar wuƙarsa.

A bugun da aka yi wa laƙabi da Advanced, wanda littattafansa suka fito a ƙarshen shekarun 1970, haddar ma tana cin lokaci: minti 15 ga kowane aji na sihiri, wato ma'aunin ƙarfinsa, bayan an yi barci. Masihirci ɗan mataki na 5 a can yana da sihiri huɗu na aji 1, biyu na aji 2, ɗaya na aji 3. Idan ka haɗa, aji goma sha ɗaya ke nan, wato awa biyu da minti 45 yana duƙe kan littafi kafin tawaga ta motsa. Bugu na biyu na 1989 ya rage zuwa minti 10. Bugu na uku na 2000 ya ce barcin awa 8 da shirin awa ɗaya. Bugu na huɗu na 2008 ya watsar da tsarin, ya raba iko gida uku: wanda ake yi kullum, wanda ke dawowa bayan hutun minti 5, da na sau ɗaya a yini.

Yawancinmu bugu na biyar na 2014 muke bugawa, don ƙa'idojinsa na farko kyauta ake sauke su. A nan sihiri ba ya gogewa daga kai. Abin da ke ƙarewa shi ne gurbi, wato damar jefa sihiri sau ɗaya. Masihirci ɗan mataki na 1 yana da gurbi biyu, ɗan mataki na 5 yana da huɗu na aji 1, uku na aji 2, biyu na aji 3. Dukansu suna dawowa bayan dogon hutu na awa 8, kuma dogon hutu ɗaya ake cin moriyarsa a cikin awa 24. Wannan sharaɗin na awa 24 kaɗai ya isa ya kashe buƙatar ƙanena ta kwana da hantsi, sai dai in tawaga za ta zauna a bakin rafin nan yini guda cur. Akwai kuma wata dama da mutane da yawa ke mantawa: sau ɗaya a yini, bayan gajeren hutu na awa ɗaya, masihirci na iya maido da gurabun da jimillar ajinsu bai wuce rabin matakinsa ba, a cike zuwa sama, muddin ba su kai aji 6 ba. Ɗan mataki na 5 zai maido da gurbi ɗaya na aji 3, ko na aji 2 da na aji 1, ko uku na aji 1. Ƙanena ya yi wata biyu yana wasa bai san yana da wannan ba. Ga kuma ƙananan sihirce-sihirce da ba sa cin gurbi ko kaɗan, waɗanda ko sau ɗari ya so zai jefa.

A karanta waɗannan layukan da ƙarfi kowa ya ji. Wani lokaci a nan gardamar ke mutuwa.

Na uku: a ƙirga faɗa nawa ake yi tsakanin barci da barci

A nan maganar take, kuma a nan nake so a daɗe.

Littafin mai jan wasa na 2014 ya gina lissafinsa ne a kan cewa tawaga za ta iya jure karo shida zuwa takwas masu matsakaicin wuya ko masu wuya a yini ɗaya na cikin labari, da gajeren hutu kamar sau biyu a tsakani. Gurabu tara na ɗan mataki na 5 an auna su ne don a miƙe su a kan wannan doguwar rana. Idan aka raba tara gida bakwai, kowane karo bai wuce gurbi ɗaya da ɗan ɗori ba. Barde kuwa takobinsa ba ya ƙarewa, kuma manyan dabarunsa biyu, wato ƙarin motsi a zagaye ɗaya da farfaɗo da kansa, bayan gajeren hutu suke dawowa. An yi shi ne don ya haskaka a karo na biyar da na shida, lokacin da aljihun masihirci ya yi sauƙi.

To mu a nan yaya muke wasa? Daga la'asar zuwa magariba. Awa biyu da 'yan mintoci, a ciki har da gaisuwa, da jiran wanda ya makara daga Pantami ko Bolari, da neman dayis ɗin da ya gangara ƙarƙashin tabarma. Faɗa ɗaya muke samu, in an yi sauri biyu. Kuma da yake ba ma son barin lissafi a buɗe har mako ya zagayo, sai mu rufe kowane zama da cewa tawaga ta kwana. Ma'ana kowace Asabar masihirci yana zuwa da gurabu tara cif, ya juye su a kan faɗa ɗaya. Dunƙulen Wuta, sihirin aji 3, dayis takwas ne masu fuska shida, matsakaicin ɓarnarsa 28 ga duk wanda ya rutsa da shi bai kauce ba. A zuba wannan sau biyu a kan 'yan fashi shida, me ya rage wa barde? Laifin ba na yaron ba ne. Abin da dokarmu ta hutu ta koya masa ke nan, ya kuwa koya da kyau.

Yadda za ku gani da idonku: ku samo ƙaramin gwangwani mai murfi ga kowane mai sihiri. Wake shi ne gurbin aji 1, ƙwayar masara aji 2, ƙwallon dabino aji 3. Duk sihirin da aka jefa, a ɗauki ƙwayarsa a ajiye gaban mai jan wasa. Shi kuma ya riƙa yin zane ɗaya a gefen takarda duk lokacin da aka yi karo, ya ja layi idan an yi dogon hutu. A yi zama uku a haka ba tare da an taɓa wata doka ba. Idan zanen da ke tsakanin layi da layi ɗaya ne ko biyu, kun gano ciwonku: ranarku ce ta yi gajarta. Idan kuwa sun kai biyar ko shida kuma gwangwanin masihirci na wofi tun a karo na biyu, to shi ne ke buƙatar koyon tattali, ko kuma dodanninku sun yi masa yawa. Gani ya kori ji.

Na huɗu: a tambayi kowa abin da yake tsoro

Ba abin da yake so ba, abin da yake tsoro. Ƙanena ya ce shi abin da ba ya so shi ne ya zauna awa guda yana jefa ɗan ƙaramin sihiri iri ɗaya kamar mai jifan kurciya. Tela ya ce shi kuma kada ya rufe shago ya taho ya zama ɗan kallo. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma duk dokar da ta share hawayen ɗaya ta bar ɗaya ba za ta kai wata guda ba.

Na biyar: a baje hanyoyin da ake da su, a auna kowace

Ta farko da kowa ke kawowa ita ce maki maimakon gurbi, kuma tana cikin littafin mai jan wasa na 2014 a matsayin zaɓi. Sihirin aji 1 maki 2 ne, aji 2 maki 3, aji 3 maki 5. Ɗan mataki na 5 yana da maki 27. A kunne tana da daɗi, don ta fi sauƙin fahimta, kamar kuɗin kati a waya. Amma a yi lissafi: 27 ya ishi Dunƙulen Wuta biyar, har da canjin maki biyu. Mutumin da biyu ma suka hana barde zare takobi, a ba shi biyar? Ni ban yarda da ita ba ga teburin da ke yin faɗa ɗaya a zama. Ta dace da masu doguwar rana, waɗanda masihircinsu ya riga ya iya riƙe hannu.

Ta biyu, a dawo da komai bayan gajeren hutu. Akwai gwarzon da littafin ya gina a haka, wanda ake kira Warlock, amma an biya farashin: gurbi biyu kacal yake da su daga mataki na 2 har zuwa na 10. Wanda ya ba masihirci wannan gata ya bar masa gurabunsa tara ya rusa wasan da hannunsa.

Ta uku, a jefa dayis kafin sihiri ya ci. Haka Dungeon Crawl Classics na 2012 da Shadowdark na 2023 suke yi. A Shadowdark ana jefa dayis mai fuska 20, a haɗa da makin basira, a nemi 10 da ajin sihirin a kai. In ya ci, sihirin na nan, sai a sake jefa shi a gaba. In ya faɗi, wannan sihirin ya rufe sai an huta. Akwai armashi sosai, kowa na riƙe numfashi idan dayis na birgima. Sai dai waɗannan wasannin tun daga tushe aka gina su a haka. Wanda yake son wannan ɗanɗanon ya buga su kai tsaye, ya fi a yanko dokar a liƙa wa bugu na biyar.

Ta huɗu, a miƙe lokacin hutu. Shi ma zaɓi ne a littafin 2014: gajeren hutu ya zama barcin awa 8, dogon hutu ya zama kwana 7. Ta yi kusa da abin da muke nema, don karo shida sai su bazu a kan tafiyar mako guda maimakon a cusa su a yini ɗaya. Inda take ciwo shi ne sihirin da aka auna da awa. Sulken da masihirci ke sa wa kansa awa 8 yake yi, yana cin gurbin aji 1. A tsohon tsari wake ɗaya ya ishe shi har hutu. A sabon tsari kowace safiya sai ya ba da wake a kan sulke kawai. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya zauna ya tsawaita irin waɗannan.

Ta biyar daga wasan 13th Age na 2013 take: cikakken hutu ba ruwansa da barci, yana zuwa ne bayan kamar faɗa huɗu, kuma in tawaga ta dage sai ta huta kafin nan, wani abu a labarin zai ɓaci. Lissafinta ya fi na kowa tsabta. Amma a teburinmu an yi ta tambayar dalilin da zai sa mutum ya yi barci dare uku sihirinsa bai dawo ba, ya sari dodo na huɗu sai ya dawo.

Abin da muka tsaya a kai ya ɗebo daga ta huɗu da ta biyar. Dogon hutu ba ya samuwa sai a wuri amintacce: gari mai ganuwa, gidan mai gari, ko zangon da tawaga ta sha wuya ta mallaka. Kwana a daji, komai tsawonsa, gajeren hutu ne. Dalilin yana shiga kai ba tare da dogon bayani ba, don duk wanda ya taɓa kwana a tasha yana jiran mota ya san wannan barcin da na ɗakinsa ba ɗaya ba ne. Kuma ta ba ni abin da nake nema: nisan gari da gari a hannuna yake, don haka ni ke auna karo nawa za a yi kafin gwangwani ya cika. Tashi daga zama ba ya dawo da komai. Idan aka kira magariba da wake biyu a gwangwani, a rufe shi da wake biyu, Asabar mai zuwa a buɗe shi da wake biyu.

Don kada tsoron ƙanena ya tabbata, muka ƙara wata 'yar ƙofa, wannan tamu ce ba ta littafi ba. Sau ɗaya tsakanin gari da gari, masihirci na iya matse jikinsa ya maido da gurbi ɗaya da bai wuce aji 3 ba, amma ya ɗauki matakin gajiya ɗaya. A dokar 2014 matakin gajiya na farko yana sa a jefa dayis biyu a ɗauki mafi ƙanƙanta a gwajin iyawa, na biyu yana raba saurin tafiya biyu, kuma dogon hutu mataki ɗaya kawai yake cirewa. Ƙofar na nan a buɗe, amma ba wanda ke bi ta cikinta sai wuya ta kai wuya. Muka kuma bar masa damar nan ta rabin mataki kowace safiya bayan kwanan daji, yadda littafin ya ba shi.

Na shida: mai jan wasa ya sa wa lokaci farashi

Ko da wannan doka, tawaga mai wayo za ta koma gari bayan kowane faɗa in ba abin da ke korar ta. Wannan aikin mai jan wasa ne, ba na littafi ba. Ayarin fatake zai tashi nan da kwana huɗu. Damina ta kusa, in rafi ya cika babu tsallakawa sai kaka. Waɗanda aka sace ana matsawa da su zango ɗaya kowace rana. A faɗa wa 'yan wasa wannan a fili tun daga farko, a ajiye duwatsu huɗu a gefen taswira, a ɗauke ɗaya duk wayewar gari. Idan sun zaɓi komawa gari, a bar su, kada a hana, amma su dawo su tarar 'yan fashi sun gina shinge inda da babu.

Ta ɗaya ɓangaren kuma a yi adalci. Kada a nisanta gari har masihirci ya yi zama uku gwangwaninsa na ƙara. Ni ina auna karo huɗu zuwa shida tsakanin wuri amintacce da wani, wato zama biyu ko uku irin namu, kuma ba kowane karo ne na takobi ba. Kogin da za a tsallake, ƙofar da ta ƙi buɗuwa, mai gadin da za a shawo kansa, duk suna iya cin wake.

Na bakwai: a rubuta, a gwada zama uku, a sake zama

Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta dokar a ƙaramin kati da layi uku ko huɗu, kowa ya ɗauki hotonsa a waya, kuma ta fara aiki daga lokacin da tawaga ta fito daga gari da gwangwani cike, ba a tsakiyar daji ba. Wanda dokar ta fi taɓawa a ba shi dama ya sauya sihirin da ya zaɓa a baya, tunda da wata doka a ransa ya zaɓe su. Bayan zama uku a koma wajen mai shayi, a duba zanen gefen takarda, a sake yi wa kowa tambayar nan ta tsoro. Mu a zaman bitar ne muka gane gwarzon da ke warkar da tawaga ma dokar ta matse shi, don shi ma gurabunsa da dogon hutu suke dawowa, sai na matso da wani ƙauye mai ganuwa zango ɗaya kusa.

Asabar ɗin da ta wuce tawagar tana kwana na uku a daji, duwatsu biyu suka rage a gefen taswira. Kuraye biyar suka tare su a mashigar dutse. Ƙanena ya buɗe gwangwaninsa: wake biyu, masara ɗaya, ƙwallon dabino ɗaya. Ya ɗauki ƙwallon ya jujjuya shi a tafin hannu, ya dubi taswirar, ya ga har yanzu da sauran zango kafin maɓoyar 'yan fashin. Sai ya mayar da shi, ya ɗauki wake ɗaya ya miƙo mini. Ya juya wajen tela ya ce, "Yaya, shiga gaba, ina bayanka." Tela ya gyara zama, ya jawo dayis. Muna zagaye na huɗu aka kira salla, muka rufe gwangwanin da wake ɗaya, masara ɗaya da ƙwallon dabinon nan a ciki.